Juma'ar direba a garin Monsi

Motoci huɗu gare ni da direbobi uku, kuma kusan duk abincinmu daga gari ɗaya yake fitowa, wato Monsi, a gundumar Rokland, arewa da birnin New York. Gari ne na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini. Maza da dogayen baƙaƙen riguna, yara da tukkun gashi a gefen kunne, allunan shaguna da harshen Yidish. Aikinmu ɗauko baƙinsu daga filayen jirgin JFK da Newark, mu kai su gida da kayansu da abincinsu ba tare da an taɓa musu addini ba.

Juma'a ita ce jarrabawar sana'ar. Ina idar da sallar Juma'a nake faɗawa mota, domin Asabar ɗinsu, ranar hutunsu ta addini, da faɗuwar rana ran Juma'a take shiga, mata kuma minti 18 kafin nan suke kunna kyandir. Daga lokacin babu shiga mota, babu taɓa waya, sai taurari uku sun fito bayan rana ta faɗi ran Asabar. A Disamba rana kan faɗi wajen huɗu da rabi. To a ce jirgi ya sauka ƙarfe ɗaya, ga jiran kaya, ga cunkoson gadar George Washington. Ni tun ranar Laraba nake gaya wa mutum gaskiya in lokacin ba zai isa ba. Yaran nan masu ɗaukar fasinja ta manhaja kuwa ko a jikinsu. Na taɓa tsintar wani dattijo a bakin hanya da akwatinsa, direban araha ya ɓata masa lokaci, rana ta kusa faɗuwa, yana shirin ƙarasawa da ƙafa. Amma gobe wani zai bugo ya ce, "Alhaji, ai wancan rabin kuɗinka yake karɓa."

Ban tashi da sanin nan ba. Daga Zangon Kumasi na zo Bronx da ke birnin New York, na fara tuƙi a wajen wani tsohon Bayahude, Allah Ya sa mutum ne mai haƙuri. Wata rana ya ba ni kwalin dafaffen nama in kai gidan biki. Na ji kamar miya na zuba, sai na yanke tef ɗin na duba, na mayar na rufe. Masu biki suka ƙi karɓa. A shari'arsu, naman da wanda ba Bayahude ba ya ɗauko sai da hatimi biyu a kansa, in hatimi ya fashe, an gama. Maigidana bai yi mini faɗa ba, zaunar da ni ya yi ya karantar da ni kosha, wato dokokin abincinsu, tun daga tushe: nama da madara ba sa haɗuwa a tukunya ɗaya, da yawansu sai sun jira awa shida bayan nama kafin su sha nono, kuma ruwan kwalba ko biskit da zan ajiye a mota in nemi mai tambarin OU, harafin U cikin da'ira, shaidar cewa kosha ne. Ni da na girma da halal da haram ban sha wuyar ganewa ba.

Da bazara iyalai ke kwasa zuwa tsaunukan Katskil, wajen Monticello, da tukwane kashi biyu, na nama daban, na madara daban, kuma haka muke loda su. Kafin idin Fesak, kwana takwas da ba sa cin gurasa mai yisti, kujerun mota har cire su nake yi in share, kada ɓurɓushin burodi ya rage. Masu araha su zo su nuna mini wanda ya taɓa ɗaga kujera. Duk mai baƙon da zai sauka Juma'a, ya kira ni tun Laraba.