Ƙofar Hajiya da mitar danshi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kafinta a Jidda, har yau in na tuna ƙofar gidan wata Hajiya a unguwar Karantina sai raina ya sosu. Katakon suwaidi na sayo, wato wanda ake shigo da shi daga Turai, wanda bai daɗe da fitowa daga tashar jiragen ruwa ba. Na shafa hannu na ji shi garau, na goge, na yi masa fenti kore shafi biyu. Ba a yi sati uku ba ta aiko jikanta ya kira ni.

Ɓangaren da rana ke duka duk ya yi bororo. Na sa farce na fasa ɗaya, ɓawon fentin ya taso, katakon da ke ƙarƙashinsa da laima. Hajiya ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, gaggawar me ka yi?" Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kawuna, wanda ya koya mini sana'ar, shi ya warware mini. Fenti rufe katako yake yi. In da ruwa a ciki, rana ta gasa shi, dole ya nemi mafita, sai ya ɗaga fentin. Ga iskar Jidda da ke tasowa daga Bahar Maliya, kullum a jiƙe take. Katakon da zai bushe da wuri a Riyad, a nan sai ya ja kwanaki.

A satin nan na sayi mitar auna danshi. 'Yar ƙarama ce, tana shiga aljihu, da tsinke biyu a kanta kamar ƙusoshi. Kana caka su a katako sai ta tura 'yar wutar lantarki tsakaninsu, tunda ruwa na sauƙaƙa wa wuta wucewa, ta nuna maka lamba, wato kashi nawa cikin ɗari ne ruwan da ke cikin katakon. Ragowar katakon Hajiya ya ba ni 21. Ni yanzu aikin waje ba na ɗaukar burushi sai na ga 15 ko ƙasa da haka. Kayan ɗakin da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke kunne dare da rana kuwa, ba na yarda su wuce 12, don can za su ƙara bushewa, mahaɗa ta buɗe.

Kada a auna a bakin katako, nan ne ke fara bushewa. Tsakiya nake cakawa, wuri uku ko huɗu, in mai kauri ne na yanke guntu da zarto na auna cikinsa. Wanda ba shi da mita ya manna leda da salatif ya bar ta ta kwana; in ya ga gumi a cikinta da safe, ya dakata. Ba ta kai mita ba, amma ta fi shafa hannu.

Sabuwar ƙofar da na sake yi wa Hajiya, na jera katakonta a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, don a rana tsagewa zai yi ko ya karkace. Kwana goma sha tara ina aunawa kafin ya sauko 14. Ban karɓi ko riyal ɗaya ba. Ranar da na kafa ta, na jira raɓar safe ta bushe tukuna na buɗe gwangwanin, Hajiya na zaune a kan tabarma da carbinta tana kallona.