Abin da na gani a binciken ciwon zuciyar masu jego

Shekara guda na yi ina tattara bayanai a wani asibiti a Kaduna, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, domin wani ƙaramin bincike kan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Yawancinsu ana kawo su ne suna haki, ƙafafu sun kumbura har cinya, ba sa iya kwanciya sai a jingine, kuma idan likita ya ɗauki hoton zuciyar sai a tarar abin da take turawa a kowane bugu bai kai kashi 45 cikin ɗari na jinin da ke cikinta ba.

Na shiga aikin ina ganin na riga na san dalili. A makaranta an karantar da mu binciken da Davidson da Parry suka yi a Zariya a shekarun 1970, wanda ya danganta ciwon da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Saboda haka da maganar kanwa nake farawa, kuma da muryar mai tuhuma. Wata rana wata yarinya mai haihuwar fari ta ce mini ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, alhali ga fulas ɗin kunun nan a ƙarƙashin gadonta. Uwar mijinta ta dube ni ta ce, "'Yar nan, mu duka da kanwar nan muka yi jego." Na ce, "Haka ne, Mama," na koma na duba takarduna, na gane cewa yawancin "a'a" ɗin da na rubuta tsorona da matan ke ji ne ya haife su. Daga ranar na mayar da tambayar kanwa zuwa ƙarshe, ina yin ta bayan masu jinya sun fita alwala.

Ashe maganar tsohuwar ba ta rasa tushe ba. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, ya fi danganta ciwon da rama, da rashin karatu da aikin yi, da hawan jinin masu ciki, fiye da al'adun jego. Duk da haka, kanwa gishiri ce, kuma wadda zuciyarta ta riga ta gaza, ruwa za ta ƙara tara mata.

Abin da ya fi damuna shi ne neman amincewar matan su shiga binciken. Wadda ke fafutukar numfashi ba a miƙa mata takarda ta sa hannu, sai an sa mata iskar oksijin, an yi mata allurar Lasix, fitsari ya fita, hankalinta ya dawo. Wannan shi ne daidai, amma yana nufin waɗanda suka rasu a daren farko ba su shiga lissafinmu ba, sakamakon ya yi kyau fiye da abin da muka gani a ɗakin.

Bibiya bayan sallama ma haka take. Lambar miji muke karɓa, alhali matar ta tafi wankan gida wurin iyayenta a wani ƙauyen da ba mu rubuta sunansa ba. A watannin ƙarshe na fara rubuta lambar mahaifiyarta da sunan garinsu, kuma ta haka na samo wasu da muka ɗauka sun warke, ashe kuɗin magani ne ya ƙare musu.