Ƙoƙon Eksekiyas

Asabar, Munik ta Jamus.

Ruwan sama ya hana mu kasuwa yau, sai na ja 'yata muka fake a gidan adana kayan tarihin Girka da ke dandalin Königsplatz. Rabin sa'a na yi niyya, la'asar ta same ni tsaye gaban ƙoƙo guda.

Na yumɓu ne, mai faɗi marar zurfi, da hannu biyu da 'yar ƙafa, irin wanda Girkawa ke ce wa kiliks. Bakinsa ya kai santimita 30. Wani magini ɗan Atina, Eksekiyas, ya gina shi wajen shekara ta 530 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kuma rubuta sunansa a gefen ƙafar. Can Vulci ta Italiya aka tono shi, domin mutanen wajen sun riƙa sayen tukwanen Atina sosai.

A cikinsa, Diyonisos, gunkin Girkawa na ruwan inabi, ya kishingiɗa a jirgin ruwa mai farin filafilai. Kurangar inabi ta naɗe sandar jirgin ta yi 'ya'ya, kifayen dolfin bakwai na kewaye. Ni ba mashayi ba ne, amma hikimar ta kama ni: ƙoƙon na cike ba a ganin komai, sai an kurɓa an kurɓa jirgin ke ɓullowa, kamar yana yawo kan abin da ya rage.

Baƙin nan mai sheƙi da aka yi zanen da shi kuwa ba fenti ba ne. Tataccen yumɓu ake shafawa, a gasa da iska komai ya yi ja, a toshe kafofin murhu hayaƙi ya mai da komai baƙi, a sake buɗewa. Inda ba a shafa ba ya koma ja, inda aka shafa ya tsaya baƙi. Nan na tuna kakata, yadda take rufe tukunya mai zafi da ƙaiƙayi don ta yi baƙi. Da ta ga wannan, da ta fi ni ganewa.

'Yata ce ta tsuguna ta leƙa ƙasan.

"Baba, zo ka gani, yana da idanu!"

Manyan idanu biyu ne a bayansa, da hanci a tsakani. Wanda ya ɗaga zai sha, ƙoƙon ya rufe masa fuska, hannayen su zama kunnuwa, ƙafar ta zama baki.

Da muka koma gida ta ɗauki kwanon furarta, ta ce in nemo mata alƙalami mai kauri.