Wasiƙa daga Kef Tawun: tsuntsun Afirka da aka laƙaba wa sunan jaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, da iyali.

Yawancinmu idan aka ce fengwin, wato tsuntsun tekun nan da ba ya tashi sai iyo, ƙanƙara ce ke faɗo mana a rai, can ƙarshen duniya. To, nahiyarmu ma tana da nata. Yana hayayyafa a gaɓar teku daga Namibiya har zuwa gabashin Afirka ta Kudu, kuma shi kaɗai ne irinsa da ke yin ƙwai a Afirka. A bakin ruwan Boulders, kusa da garin Simon's Town da ke kudu da Kef Tawun, za ka gan su suna tafiya da rangaji a kan yashi, baƙi da fari, da ɗan jan tabo a saman ido. Kowane yana da ɗige-ɗigen ƙirjinsa da ba sa kama da na wani.

Kafin ka gan su ma za ka ji su. Namiji zai miƙe wuya, ya ɗaga baki sama, ya buɗe fukafukai, sai ya saki kuka mai ja da saki, wallahi sai ka rantse jaki ne aka ɗaure a bayan dutse. Matuƙan jirgin wani mai binciken teku ɗan Fotugal, mai suna Basko da Gama, sun ji wannan kukan a 1497 a gaɓar Mossel Bay ta Afirka ta Kudu, kuma wanda ya rubuta labarin tafiyar ya ce tsuntsaye ne da ba sa tashi, suna kuka irin na jakuna. Daga baya Turawan Ingila suka daɗe suna kiransa fengwin-jaki.

Sunan bai yi ƙarya ba, amma bai wadatar ba. 'Yan'uwansa na Kudancin Amurka su ma haka suke kuka, don haka jakin ba ya bambanta shi da kowa. Shi ya sa yanzu aka fi kiransa fengwin na Afirka. Ni wannan sunan na fi so, don ya faɗi inda hakkin kula da shi ya rataya.

Sunansa na kimiyya kuwa Spheniscus demersus. Wani masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya fara rubuta shi a 1758, sai dai ya haɗa shi gida ɗaya da albatiros, manyan tsuntsayen teku masu dogon fiffike, ya kira shi Diomedea demersa. Abin da mamaki, a ce an haɗa gwanin shawagi da wanda ko tashi ba ya yi. A 1760 wani Bafaranshe, Brisson, ya kawo sunan Spheniscus daga Girkanci, ma'anarsa ɗan ƙaramin abu mai kauri a gindi da siriri a baki, irin wanda mai faskare ke kafawa a tsagar icce, saboda siffar fukafukansa. Demersus kuma Latin ne, wato mai nutso. Wanda ya ga yadda yake tsaga ruwa yana bin ƙananan kifaye ya san an zaɓi kalmar da kyau.

Akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Ita kanta kalmar fengwin aro ce. Asalinta sunan wani babban tsuntsu ne na arewacin tekun Atilantika, shi ma baƙi da fari, shi ma ba ya tashi. Da matuƙa suka gangaro kudu suka ga masu kama da shi, sai suka ba su sunansa, ko da yake ba dangi ba ne. Mai sunan na asali an yi ta kashe shi don nama da gashi da mai, har aka kashe na ƙarshe da aka tabbatar da su a 1844 a wani tsibiri kusa da Aisilan.

Na Afirka ma ya kama wannan hanya. An kwashe ƙwayayensa ana sayarwa shekara da shekaru. An kankare tarin kashin tsuntsaye da yake haƙa rami a ciki, aka sayar a matsayin taki, ya koma yin sheƙa a fili cikin rana. A shekarar 2000 jirgin ruwa Treasure ya nutse kusa da tsibirin Robben da ke daura da Kef Tawun, mai ya ɓata kusan dubu 19 daga cikinsu, masu sa kai suka yi ta wanke su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu babbar matsalar yunwa ce, don kifin sadin da yake ci ya yi ƙaranci, kuma jiragen kamun kifi suna neman abin da yake nema. A 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. A Maris na 2025 kotu a Piretoriya ta amince da yarjejeniyar hana kamun irin wannan kifi a kewayen wurare shida da yake hayayyafa, har tsawon shekara goma.

Don Allah ku faɗa wa yaranku, musamman 'yan makaranta, cewa Afirka tana da fengwin, ku koya musu sunansa. A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Kef Tawun