Laraba, ranar makin aikin gida

Hazo ya rufe Jos tun asuba, sanyi har cikin ƙashi. Na zauna a ofishin malamai da littattafan 'yan SS2, aikin gidan da na bayar ranar Litinin. Tambaya ta uku ba ta da wani wuya: x² − 5x + 6 = 0. Lambobi biyu ake nema, in an ninka su a sami 6, in an tara su a sami 5. Amsa 2 da 3.

Abin dariya, kusan rabin ajin sun rubuta (x + 2)(x + 3) = 0, amma a ƙasa suka zana x = 2, x = 3 da layi biyu. Wanda ya bi wannan hanya da hannunsa, −2 da −3 zai tarar, ba makawa. Wato amsa daga waya ta fito, an ɗauki hoton tambayar an ba Photomath, manhajar da ke warware lissafi, ko makamanciyarta, hanyar kuma daga littafin mutum ɗaya aka kwafa, har da kuskurensa.

Na gane mai littafin, don shi kaɗai ya goge ya sake a wajen. Yaro ne mai ƙoƙari. Da na kira shi sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, taimako ne fa. In na hana, cewa za su yi ina da rowa." Nan ne abin ya fi damuna, ba masu kwafar ba. A gidajenmu ba a koya wa yaro hana ɗan'uwa abu, kuma ba na so ya koya a ajina. Sai na shimfiɗa musu ƙa'ida: mai neman taimako ya fara nuna inda ya tsaya, mai taimako kuma ya ba da mataki ɗaya, ko ya yi misali da wasu lambobi daban. Littafinka kuwa ya zauna a jakarka.

Na kuma gaya musu abin da duk mai makin WAEC ya sani. A takardar da ake nuna aiki, akwai makin hanya, M, akwai makin daidai, A, kuma na biyun yana rataye ne a wuyan na farko. Amsa tsirara ba ta kai mutum ga C6 ɗin da jami'a ke nema. JAMB ma tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya, waya ba ta shiga ɗakin. Dokar satar jarrabawa ta 1999 ban ma tsaya kanta ba, sun sha ji.

Bayan isha'i ɗan yayata da ke Anguwan Rogo ya turo hoto ta WhatsApp: 2x + y = 7, x − y = 2. "Kawu, amsa kawai, gobe za a karɓa." Na ce ya tara layukan biyu ya gaya min abin da ya ɓace. Ya daɗe shiru, sannan ya turo 3x = 9, da y = −1. Na ce ya mayar da ita layin farko ya gani ko 7 za ta fito. Maimakon amsa sai ga kiran Yaya.

"Kai dai ba ka canzawa. Yaro na jin barci, ka ba shi abin mana."

Na ce ta miƙa masa wayar.