Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Karatun Kare Yara

Makon jiya na tsaya a inda na samu gurbin karatun aikin jin daɗin jama'a. Da Kawu, Allah ya jiƙansa, ya ji ɓangaren kare yara na zaɓa, sai ya ce, "Ke dai kin ɗauko karatun shiga sharo ba shanu." Kowa ya yi dariya, har Yaya da na ɗauka zai tsaya mini.

Shekarar farko hadda ce zalla. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989: sashe na 3 ya ce a fifita maslahar yaro, na 12 ya ce a saurari ra'ayinsa. Abin da ya zauna mini shi ne labarin Mary Ellen, yarinyar da aka ƙwato daga hannun mariƙiyarta a Amurka a 1874, da taimakon shugaban ƙungiyar kare dabbobi. Wato dabbobi sun riga yara samun masu tsaya musu. Na so a ce Kawu na ajin.

Ainihin karatun sai da aka tura mu koyon aiki. Malamar da ke duba ni ba ta yarda da "uwar ba ta kula da shi" a rahoto. Jan biro take sa masa. "Me kika gani da idonki? Rubuta shi. Me ya faɗa? Rubuta da kalmominsa." Tambaya ma ba a sa wa yaro amsa a baki. Ba a cewa "shi ya dake ki?", sai dai "me ya faru a nan?"

Wata 'yar shekara tara ta riƙe gefen mayafina, ta ce sai na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Wannan alkawarin an hana mu ɗauka. Na durƙusa daidai tsayinta na ce, "'Yata, zan faɗa wa wanda zai taimake ki ne kawai, kuma sai kin sani." Ta daɗe tana murza yatsunta kafin ta buɗe baki.

Shiga sharo ba shanu, in ji Kawu. To, bayan rasuwarsa, 'yarsa ta cikinsa ce ta kira ni da tsakar dare tana kuka a kan ɗan riƙon maƙwabciyarta, tana tambayar inda ake kai ƙara. Ban tuna mata dariyar ba, duk da tana cikin waɗanda suka yi ta.

Na yi gaba da yawa. Mako mai zuwa zan dawo kan jarrabawar ƙarshe da rigimarmu da Goggo.