Godiya ga waɗanda suka tallafe ni har na koma fili

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, walimar da muka yi ranar Asabar a gidana da ke Unguwar Shanu ta tashi lafiya. Ban samu na gaisa da kowa hannu da hannu ba, ƙafar ba ta bari in daɗe a tsaye, sai ku yi mini uzuri. Ga wanda labari bai kai masa ba: ina da shekara 58 na karɓi takardar shaidar koyar da wasan golf, kuma na fara da ɗalibai bakwai.

Masu cewa me ya haɗa Bahaushe talaka da wasan masu kuɗi, ba su san da mu ba ne. A 1981 na fara shiga filin golf na Kaduna, wanda yake nan tun 1921, ba don in buga ba, don in ɗauki jaka. Kadi ake ce mana. Ka saɓa jaka mai sanda 14, ka bi maigida rami 18, ka nemo masa ƙwallo a cikin ciyawa, da yamma ya sallame ka. In manya sun watse, sai mu lanƙwasa rodi mu yi ta kwaikwayonsu. Daga baya na kama tuƙi, aure ya zo, 'ya'ya suka zo, wasan ya koma na ranar hutu.

A 2021 na yi hatsari a hanyar Zariya, ƙashin ƙuguna na hagu ya karye, aka yi aiki aka sa ƙarfe. Wanda ya san wasan ya san abin da hakan ke nufi: mai bugu da dama, a kan ƙafar hagu nauyinsa duka yake sauka in ya kai ƙarshen bugu. Ni dai na riga na cire rai.

Godiyata ta farko bayan Allah ga uwargida take. Maman yara, wata takwas kina ɗaga ni kina kwantarwa, da kuɗin ƙosanki muka ci abinci, ban taɓa ganin kin ɓata fuska ba. Allah Ya saka miki da Aljanna. Sai yarinyar nan mai gashin ƙashi, sa'ar 'yata, wadda ba ta san wani abu wai shi "Baba ya gaji" ba. Na sha yi mata faɗa. Ki yafe mini, 'yata, ke ce da gaskiya.

Amma mutumin da ya juya al'amarin shi ne tsohon maigidana, wanda na yi wa ɗaukar jaka ina yaro. Ya zo duba ni ya kawo mini labarin ɗan wasan golf Ben Hogan, Ba'amurken da bas ta yi karo da motarsa a 1949, ƙugunsa ya karye, amma a 1950 ya ci babbar gasar Amurka. Na ce, "Ranka ya daɗe, shi shekararsa 36 a lokacin, ni kuwa 54." Ya yi dariya ya ce shi ba gasa ya ce in ci ba, in zo in zauna kawai in kalli yara.

Haka na yi kusan shekara a kan kujerar roba a inuwa, kuma a nan na ga abin da shekara arba'in na tafiya a fili ba su nuna mini ba. Da can in yaro ya yi kuskure, sai in karɓi sandar in buga in ce yi haka. Yanzu babu hali, dole in gano ainihin inda matsalar take in faɗa da baki: riƙon ne ya yi tsauri, ko kai yake ɗagawa tun sanda ba ta taɓa ƙwallo ba, ko da hannu kaɗai yake bugu ya bar ƙugu a baya. Ni kaina sai da na sake koyo, na buɗe tafin ƙafar hagu waje, na rage ja baya. Nisa ya ragu, ba na musu. Sai dai a filin da aka ƙiyasta wa bugu 72, guda 36 na gangara ƙwallo ne a bakin rami, wannan kuwa ba ya tambayar ƙarfin ƙugu. Da hunturu ma ƙasa ta bushe, ƙwallo na gudu da kanta, ta biya wa tsoho bashin da ake binsa.

Na gode wa 'yan'uwana kadi da suka yi karo-karo suka biya mini kuɗin jarrabawa, alhali na san abin da suke samu a wuni. Na gode wa ɗana da ya zauna da ni dare da dare yana fassara mini littafin dokoki, da mai Keke Napep ɗin da yake kai ni fili bayan asuba ba ya karɓar ko sisi, da maƙwabta da suka ba da aron tabarmi da tukwane.

Huɗu daga cikin ɗalibaina 'ya'yan kadi ne, sanda uku suke karɓa-karɓa a tsakaninsu. Duk wanda yake da tsofaffin sanduna a jingine a bayan ƙofa, don Allah ya yi mini magana, zan aiko yaro ya karɓa. Ko sun yi tsatsa muna so.